Ƙananan kitso ko manya, man kaɗanya ko na kwakwa: zaɓin mai cikin da fitsari ya sa a gaba

Ƙanwata tana da cikin wata bakwai, ga bikin 'yar kawunmu saura kwana goma. Ranar da na je gidanta na tarar da ita a kan tabarma ta tsefe rabin kai, ta zuba tagumi tana lissafi. Mai kitso ta ce mata ƙananan kalabar da take so sai an yi awa biyar a zaune, ita kuwa yanzu ba ta cika awa ɗaya ba ta ɗauki buta ba. Shi ne ta yanke wa kanta shawara: ranar kitson, daga asuba ba za ta sa ruwa a bakinta ba sai an gama. Ta faɗi haka kamar ba komai ba, sannan ta jawo leda ta jera mini kwalabe a gabana, ta ce, "Yaya, wanne zan shafa kan nan ya yi sheƙi?"

Na ce mata ta ajiye kwalaben tukuna, maganar ruwan ce ta fi damuna.

Hanya uku mata ke bi idan fitsari ya dame su da ciki. Wasu su rage shan ruwa, wasu su nemi jiƙo ko ƙwaya da sunan maganin sanyi, wasu kuma su sauya lokacin shan ruwan da irin abin da suke sha. Kafin a ce ga wadda ta fi, sai an san daga ina fitsarin yake zuwa. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake a da, ƙoda kuma tana tace abin da ya kai kashi 50 cikin ɗari fiye da aikinta na kullum. Ruwan da jiki ba ya buƙata daga cikin wanda aka tace dole ya fita. A watanni ukun farko mahaifa tana cikin ƙugu, ta jingina da mafitsara. Wajen mako na 12 sai ta haura sama, shi ya sa mata da yawa ke samun sararawa a tsakiyar ciki. Idan aka shiga wata na bakwai zuwa na tara, musamman kan yaro ya sauko, sai matsin ya dawo fiye da na farko, har ki ji mara ta cika, ki je, ki ga abin bai kai rabin kofin shayi ba. Duk wannan aikin jiki ne mai lafiya.

To ki ɗauki ta farko, rage ruwa. Amfaninta ɗaya ne tak, kuma ba ya daɗewa: za ki rage zuwa bayi na 'yan awoyi. Abin da za ki biya kuwa ya fi haka yawa. Fitsari zai yi kauri ya yi ja, mai kaurin kuma ya fi tsikarar mafitsara, sai ki riƙa jin matsuwa alhali babu abin kirki a ciki. Ga taurin bahaya, wanda dama ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo ta riga ta fara kawo shi. Ga jiri, ga ciwon kai, ga ƙullewar mara da ke tsorata mace ta zaci naƙuda ce. Babba a cikinsu shi ne ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama a mafitsarar da ba a yawan wankewa da fitsari. Likitocin mata a Amurka suna cewa mai ciki ta sha kofi 8 zuwa 12 a rana, wato da lissafinmu ledar fiya wata huɗu zuwa shida, tunda kowace leda rabin lita ce. A bazarar Kano ko ta Maraɗi, inda zufa ke kwashe rabonta tun kafin azahar, shidan ita ce ta gaskiya. Ba sai kin riƙa ƙirga ba ma: ki duba launin fitsarin. Idan fari-fari ne mai ɗan rawaya, kina kan hanya. Idan ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba, jikinki yana bin ki bashin ruwa.

Ta biyu ta fi ba ni tsoro, don ita ce aka fi ba wa mace shawara a kai cikin ƙauna. Da kin ce fitsari ya dame ki, wata za ta ce sanyi ne, ga jiƙon da ya yi mata aiki, ko ta aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da rawaya. Wannan kafson tetracycline ne, kuma yana cikin magungunan da aka hana mai ciki, domin yana taɓa ƙashi da haƙoran da ke tsirowa a jikin yaro, ya bar su da launin da ba ya fita. Jiƙon saiwa kuwa ba shi da ma'auni, na yau daban da na gobe, wasu itatuwan kuma suna motsa mahaifa. Sannan yawan fitsari shi kaɗai ba alamar sanyi ba ne. Alamar ita ce zafi ko raɗaɗi wurin yinsa, wari mai ƙarfi, ya fito da gurɓata ko da jini, ciwon mara da ba ya sauka, zazzaɓi, ko ciwo a gefen baya ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan na ƙarshen yana nuna abin ya haura ƙoda, kuma ba a kwana da shi a gida, don yana iya jawo haihuwa kafin lokaci. Akwai ma matan da ƙwayar cutar ke cikin fitsarinsu ba su ji komai ba, shi ya sa ake karɓar fitsari a awo. Kada ki ga layin ya yi tsawo ki tsallake shi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga awo daga zuwa huɗu zuwa takwas, kuma irin waɗannan abubuwan da ba sa nuna kansu ake nema. Idan kuma fitsarin mai yawa ne ƙwarai kowane zuwa, ga ƙishirwar da ba ta yankewa, ki faɗa a duba suga. Tsakanin mako na 24 da na 28 aka saba gwada shi. Haka nan idan ruwa ne ke zubo miki fari, ba warin fitsari, kin matse kuma bai tsaya ba, ki tafi asibiti a duba ko faya ce.

Ta uku ita ce ba ta da farin jini, don ba a sayenta a kwalba, amma ita ce ke aiki. Ki sha yawancin ruwanki daga safe zuwa la'asar, kaɗan-kaɗan, ba ki kafa kai ki shanye leda biyu lokaci ɗaya ba. Awa biyu kafin kwanciya ki rage zuwa kurɓa. Ki lura da shayi, Nescafé, lemon kwalba mai baƙi, da goro, duk suna da sinadarin kafeyin wanda ke ƙara fitsari yana kuma tsokanar mafitsara. Iyakar da ake ba mai ciki miligiram 200 ce a rana, babban kofin shayi ɗaya kuwa yana kai 75, na Nescafé kusan 100. Wadda laulayi ya koya wa cin goro, ta sa shi a lissafi. Zoɓo ma yana sa fitsari, ki bar shi sai bayan suna.

Wata dabara da wata tsohuwar ungozoma ta koya mini a cikina na biyu, na kuma ga amfaninta a daren farko: ruwan da ke taruwa a ƙafa da rana, shi ne ke komawa cikin jini idan kin kwanta, ƙoda ta mayar da shi fitsarin dare. Saboda haka bayan la'asar ki kwanta ta gefen hagu, ki ɗora ƙafafu a kan filo biyu na kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Wani ɓangare na ruwan zai fita kafin isha maimakon ƙarfe biyun dare. Idan kin tsuguna ko kin zauna kuma, ki ɗan sunkuyo gaba, idan kin gama ki dakata kaɗan ki sake gwadawa, sau da yawa akwai saura. Wadda ke ɗigowa idan ta yi tari ko atishawa, har abin ya dame ta wurin tsarki da alwala, ta riƙa matse naman da ake riƙe fitsari da shi, ta ƙirga biyar zuwa goma ta saki, sau goma, sau uku a rana. Wani likitan Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan atisaye a 1948, kuma kina iya yinsa kina tankaɗe ba wanda ya sani. Sai dai ba a tsakiyar yin fitsari ake yi ba. Wadda bayinta ke can ƙarshen tsakar gida, ta ajiye bokiti mai murfi da tocila a ɗaki, babu kunya a ciki. Santsin bakin rijiya da tsohon ciki cikin duhu ya fi abin kunya haɗari.

Da na kai nan sai ƙanwata ta ce, "To kitson fa?"

A nan zaɓin bai da wahala idan an cire son rai. Ƙananan kitso sun fi daɗewa, sun fi kyau a hoto, wannan babu musu. Amma awa biyar a kan tabarma da kai a sunkuye yana kumbura ƙafa, yana riƙe baya, kuma mace kan ji nauyin ta riƙa cewa mai kitso "bari in zaga" sau shida, sai ta riƙe. Riƙewar nan ita ce abin gudu. Manyan kitso, shuku guda takwas ko goma, ko zane mai faɗi, ana gama su cikin awa ɗaya, kina iya tsefewa da kanki bayan mako biyu ba sai an zauna miki ba. Kuma suna raga wa gashin gaban goshi, wanda za ki buƙace shi nan gaba. Dalili kuwa, gashin da kike gani ya cika yanzu aro ne. Mutum kan zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, amma sinadarin jikin mai ciki yana riƙe su a kai ba su faɗi ba. Bayan haihuwa da wata uku zuwa huɗu sai su zube kusan a tare, ki ga mataji ya cika, gaban goshi ya ja baya. Yana dawowa da kansa, yawanci kafin yaro ya shekara, amma wurin da aka daɗe ana ɗaure shi da ƙarfi yakan yi nawa, wani lokaci ya ƙi fitowa. Idan kin ga ƙananan ƙuraje a bakin kitso, ko kin kasa ɗaga gira, an ja ya yi yawa.

Yanzu sai kwalaben. Sheƙi ba daga ciki mai yake kawo shi ba. Kowane silin gashi yana da ɓawo a jere kamar na kifi. Idan ya kwanta luf, haske ya daki gashin ya dawo, idan ya tashi sai kai ya yi fururu. Gashinmu mai murɗiya ne, man da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har ƙarshen sili, shi ya sa bakin gashi ke bushewa yana karyewa. Aikin mai shi ne ya kwantar da ɓawon ya kuma tsare danshin da ke ciki. A busasshen kai kuwa babu abin da zai tsare, don haka kowanne kika zaɓa, ki fara yayyafa ruwa tukuna.

Man kwakwa shi ya fi saurin nuna sheƙi, ba shi da nauyi, kuma yana cikin 'yan man da ke shiga cikin silin kansa ba su tsaya a baya ba. Wasu masu bincike biyu a Indiya sun gwada shi a 2003 tare da man fure mai bin rana da man da ake samu daga fetur, suka ga shi kaɗai ya rage lalacewar gashi wurin wanki. Ma'aikatan kamfanin da ke sayar da man kwakwa ne, wannan ya kamata a faɗa, amma duk wadda ta shafa shi da dare ta wanke da safe ta san taje ya fi sauƙi. Aibinsa biyu. Yana daskarewa idan zafin gari ya sauka ƙasa da digiri 24, saboda haka a hunturu yakan sandare a kan gashi, kai ya yi tauri kamar tsintsiya. Kuma ba ya jure iskar hunturu, kwana biyu ya bi iska. Man alayyadi ɗan'uwansa ne, daga ƙwallon kwakwar manja ake samunsa, aikinsu kusan ɗaya, ya kuma fi arha. Amma baƙin da aka toya yana da ƙauri, mai laulayi ba za ta iya kwana da shi a filo ba.

Man kaɗanya akasin haka yake. Ba ya ba da wannan ƙyallin mai ɗaukar ido, nasa sheƙin a kwance yake, amma ya fi kowanne riƙe danshi, shafa ɗaya ta kai ki kwana huɗu ko biyar. Namu ne kuma, daga jihohin Neja da Kwara da Kebbi ake kawo shi, ba ya da tsada idan aka kwatanta da na kwalba. Ki ɗibi kamar ƙwayar gyaɗa biyu ki murza a tafin hannu har ya narke, zafin jiki ya ishe shi, sannan ki bi layin kitso da bakin gashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne lafta shi a fatar kai. Sai ƙura ta manne, amosani ya samu abinci, a fara susa da tsinken tsintsiya. Wurin saye ki shinshina: mai kyau yana da ɗan ƙamshin hayaƙi, wanda ya tsufa kuwa tsami yake yi.

Man shanu shi ne na kakanninmu, kuma gaskiya babu wanda ya kai shi laushi. Kakata takan soya shi da ɗan kanumfari ta tace, ta shafa mana a kai ranar Alhamis a yi kitso Juma'a. Matsalarsa wari. Ɗanye yana juyawa cikin kwanaki kaɗan a lokacin zafi, hancin mai ciki kuma yana jin abin da kowa bai ji ba. Ni a cikina na fari na shafa shi da yamma, kafin isha na wanke kai sau biyu ina amai a tsakani. Idan kina sonsa, ki yi shi a matsayin jiƙo: soyayye, ki shafa, ki rufe da leda rabin awa, ki wanke. Kada ki bar shi a kai zuwa biki. Ƙwai da ake kaɗawa da zuma ma haka, ƙarninsa ya fi amfaninsa ga mai ciki, kuma idan kika kuskura kika wanke da ruwan zafi sai ya dahu a cikin gashin.

Kwalba ta huɗu a ledar ƙanwata man karkar ce, da ƙullin garin cebe da wata ƙawarta ta kawo mata. Waɗannan na Chadi da Sudan ne, ta Barno suka shigo mana. Cebe garin 'ya'yan wani itace ne da ake haɗawa da kanumfari da wasu kayan ƙamshi, karkar kuma man riɗi ne da kitse da kakin zuma. Ba sa tsirar da gashi, gashi da su da babu su kusan santimita ɗaya yake yi a wata. Abin da suke yi shi ne su lulluɓe silin ya daina karyewa, sai tsawon ya taru. Wannan aiki ne na watanni, ana zama a shafa sili-sili a kitse, a maimaita. Ga mai neman tsawo bayan arba'in, yana da kyau. Ga mai tsohon ciki da ke son sheƙi nan da kwana goma, ya yi nauyi: ƙamshinsa mai ƙarfi ne, yana ɓata ɗankwali, yana sa ƙaiƙayi idan ya taɓa fatar kai, kuma kwaɓin mai kauri yana wahalar da ruwa wurin kaiwa ga fata lokacin wankan wajibi. Basilin kuwa ƙyalli ne kawai na sama, washegari ƙura ta mayar da shi toka-toka.

Abin da ake wanke kan da shi ya kusa fin man muhimmanci. Sabulun salo yana fitar da datti sosai, amma yana tayar da ɓawon gashi. Kanwa ta fi shi ma. Karkashi shi ne mai taushin hannu, yauƙinsa yana warware gashi ba tare da fizga ba, shi ne mutanen Chadi ke kira ambunu ana sayar da shi da tsada a intanet, alhali ga shi a kasuwa ana auna mana na miya. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi ba kanwa, ki wanke da shi, a ɗauraya ta ƙarshe ki matse rabin lemon tsami a cikin kofin ruwa babba ki zuba. Tsamin yana kwantar da ɓawon, za ki ga bambanci tun kafin ki taɓa mai. Da dare ki ɗaura ɗankwali mai santsi, atamfa tana shanye man.

Rilaksa fa? Shi ya fi komai saurin kawo sheƙi, don miƙaƙƙen gashi ya fi mayar da haske. Amma soda ce mai ƙarfi a cikinsa, fatar mai ciki kuma ta fi saurin ƙonewa, ga warin. A watan Oktoban 2022 wani babban bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, a kan mata sama da 33,000, ya nuna masu shafa man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka sauran shiga haɗarin kansar mahaifa. Ba a kan masu ciki aka yi shi ba, amma ni ya ishe ni in ce a dakata. Kuma gashin da aka raunana yanzu shi zai gamu da zubewar bayan haihuwa.

Abin da na ce wa ƙanwata shi ne, tunda bikin a hunturu ya faɗo, ta haɗa kaɗanya kashi biyu da kwakwa kashi ɗaya ta buga su da cokali har su yi laushi. Kaɗanya ya riƙe danshi, kwakwa ya kawo ƙyalli. Da damina ce da na ce kwakwa shi kaɗai ya isa. Cebe ta ajiye shi a kwaba sai ta gama wankan jego.

Ta ɓata rai a kan kalabar, ta ce duk ƙawayen amarya ita za su yi. Amma ranar kitson na je na same ta a kan kujera mai jingina, ƙafa a kan bokitin da aka kife, ledar ruwa a hannu. Shuku goma aka yi mata. Sau biyu ta miƙe ta ɗauki buta, mai kitson ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta soke matajin a nata kan tana amsa waya har ta dawo.